Rigata na kawo baƙi Yawuri, amma a ina za su ci kifin Kainji?

Tun da aka sanya Rigata cikin jerin bukukuwan da Jihar Kebbi take tinƙaho da su, tare da bikin kamun kifi na Argungu da Uhola ta ƙasar Zuru, garin Yelwan Yawuri kan cika ya batse idan Fabrairu ta kama. A yi tseren kwale-kwale, a yi gasar ninkaya, Gungawa su fito da wasannin ruwa da suka gada kaka da kakanni, manyan baƙi su zauna a rumfa tare da Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi. Jawaban da ake yi a wajen kusan bakinsu ɗaya: yawon buɗe ido zai samar wa matasa aiki, ya kuma kawo wa jiha kuɗin shiga. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne halin baƙon da ba ya cikin ayarin gwamna. Ya tuƙo motarsa daga Kaduna ko Sakkwato, ba shi da ɗan'uwa a garin, ba a ware masa kujera a wajen liyafa ba. Azahar ta yi, yunwa ta taso masa, ga iyalinsa a mota. Ina zai dosa?

Wani zai ga tambayar ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Amma a ƙasashen da suke ci da baƙi, a nan ne kuɗin yake. Sifaniya ta karɓi baƙi kusan miliyan 94 a shekarar 2024, wato kusan ninki biyu na yawan mutanenta, kuma harkar baƙi ce ke samar mata da fiye da kashi 12 cikin 100 na tattalin arziƙinta. Duk wanda ya bibiyi abin da Turawan Ingila da Amurka suke tambaya kafin su sauka a Madrid ko Basalona ko Malaga zai tarar abu biyu ne suke yawan maimaitawa: ina za a ci abinci mai kyau ba tare da an yi wa mutum tsadar baƙunta ba, sannan ina ne mashayar 'yan Ailan mafi kusa.

Wannan ta biyun tana buƙatar bayani. Ailan ƙaramar ƙasa ce a yammacin Birtaniya, mutanenta ba su kai na Jihar Katsina yawa ba, amma da wuya a sami babban birni a Turai ko Amurka ko Asiya da babu mashaya mai ɗauke da sunan Ailan a ƙofarta. Ba haka kawai abin ya yaɗu ba. A farkon shekarun 1990 wani kamfani a Dablin mai suna Irish Pub Company, tare da haɗin gwiwar kamfanin Guinness, ya mayar da siffar mashayar gargajiya ta ƙasarsu haja: a sassaƙa kanta da kujeru da allunan bango a Ailan, a loda su a jirgin ruwa, a je wata ƙasa a harhaɗa. Mutum ya shiga ta Madrid ya ga kamar ta Berlin, ya shiga ta Berlin ya ga kamar ta garinsu.

Babu mai cewa a kawo wannan Yawuri. Jihar Kebbi tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da Shari'a a shekarar 2000, kuma ko babu doka al'adar gari ba ta ɗauka. 'Yan Ailan ɗin da wannan yanki ya sani ma limaman mishan ne da suka yi shekaru suna aiki cikin Kambari daga Kwantagora. Darasin yana wani wuri dabam. Baturen da ya bar abincin Sifaniya, wanda duniya ke yabo, ya shiga mashayar 'yan Ailan, ba don giyar garin ta ƙare ba ne. Natsuwa ya je saye. Ya san za a ji harshensa, ya san abin da za a kawo masa a faranti, ya san farashin kafin ya zauna, ya san akwai makewayi mai tsabta, ya san idan Asabar ce za a kunna ƙwallon Firimiya. Daga nan ne kuma yake samun labarin gari: wace unguwa ake zuwa, wacce ake gudu, wane gidan abinci ne na gaskiya. (A Hausa ma, asalin kalmar mashaya bakin kogi ne inda mutane da dabbobi suke sauka su sha ruwa, kuma a wannan ma'ana Yawuri ta fi Dablin mashayai.)

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan dabara, sai dai bai taɓa mayar da ita kamfani ba. Duk inda ya sauka a Afirka ta Yamma, zango yake fara tambaya. Sabo a Ibadan, Sabon Zango a Akara, zangon Kumasi: wurare ne da baƙo zai sami masallaci da mai shayi da mai tsire da wanda zai gaya masa kuɗin mota na gaskiya. Alhazan Najeriya a Makka, duk da yalwar abincin Larabawa da na Indiya, sai sun bi lungu sun gano inda ake tuƙa tuwo. Yawuri kuwa tana cikin garuruwan da suka gina wannan al'ada. A zamanin fataucin goro, ayarin fatake daga Kano da Katsina zuwa Gwanja sukan ratsa ƙasar Yawuri su ƙetare Kwara su bi ta Borgu. Madugu ba ya shiga gari da ka. Yana da fatoma, wato mai masaukin da zai ba shi wurin kwana, ya ajiye masa kaya, ya ciyar da mutanensa, ya tsaya masa a ciniki, ya kuma ɗauki alhakin abin da ya same shi. Ko Turawa masu neman bakin Kwara ta nan suka bi: Mungo Park ya ratsa a 1806 kafin ya gamu da ajalinsa a Busa, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander suka yi makonni a Yawuri a 1830 suna cigiyar takardunsa. Garin da ya saba saukar baƙi tun kafin a san mota bai kamata a ce yau baƙo yana rasa inda zai zauna ya ci abinci ba.

Kifi na nan, teburi ne babu

Ba rashin abinci ke damun Yawuri ba. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, aka tare Kwara, tafki mai faɗin murabba'in kilomita fiye da 1,200 ya kwanta daga Sabuwar Busa har ya taɓo Yawuri. Mutum dubu arba'in da ɗoriya aka tayar daga garuruwansu da tsibiransu, Gungawa na cikin waɗanda abin ya fi shafa. Abin da tafkin ya biya su da shi, ban da 'yan gidajen da gwamnati ta gina, shi ne kifi. Giwan ruwa, ragon ruwa, tarwaɗa, ramboshi, karfasa, kurungu, faliya, bargi, tsage, har da ƙananan nan da masunta ke kira warangi. Sarkawa da sauran masunta daga wurare da dama suka kafa tunga-tunga a gaɓar Ngaski da Shanga da Yawuri. A tudu kuma Kambari da Dukawa da Shangawa suna noma dawa da gero da gyaɗa, ga shinkafar fadama, ga albasar da ake lodi tirela-tirela zuwa Kudu. Wanda zai haɗa tuwon shinkafa da miyar ɗanyen kifi a Yawuri ba ya buƙatar sayo komai daga nesa sai gishiri da manja.

Ba kuma a rasa masu girki ba. Akwai mata masu tuwo a tasha da bakin kasuwa, akwai masu soya kifi a bakin babbar hanya, akwai masu waina da safe, akwai gidajen abinci ƙanana. Ɗan gari ya san wacce ce miyarta ba ta kwana, ya san wanda yake yanka kifin yau da wanda yake ɗumama na jiya. Wannan sani duk a baki yake, kuma baƙo ba shi da rabo a ciki. Ba allo, ba farashi a rubuce, sau da yawa ba wurin wanke hannu na kirki, ba wurin da mace baƙuwa za ta zauna da 'ya'yanta hankali kwance. Saboda haka ma'aikacin da ya zo aiki daga Birnin Kebbi yakan sayi burodi da lemon kwalba ya haƙura har ya koma gida, ko ya sayi bandar kifi a kwali ya kai wa uwargida. Kuɗin da ya kamata a ce ya shiga hannun mai girki da mai itace da mai ɗebo ruwa da yaron wanke-wanke ya koma tare da shi.

Mafi yawan kifin Kainji haka yake barin yankin, a busasshe, cikin kwanduna da kwalaye, zuwa kasuwannin Onica da Ibadan da Legas da Kaduna. A can ne ake mayar da shi farfesu a sayar da kwano ɗaya kan abin da masunci bai samu a kifin gaba ɗaya ba. Kowane ɗan kasuwa ya san ribar ɗanyen kaya ba ta kai ta sarrafaffe ba, kuma babu sarrafawar da ta fi sauƙin jari kamar tukunya da murhu.

A nan misalin Sifaniya na biyu ya fi dacewa. A gaɓar tekun Malaga, abincin da ya fi suna shi ne ƙananan kifayen sadin da ake tsirewa a jikin sanda, a barbaɗa gishiri, a gasa a gefen garwashi. Sau da yawa cikin tsohon kwale-kwale da aka cika da yashi ake hura wutar. Abincin masunta ne, na talakawa, ba shi da wani sirri da ya fi ƙarfin mai gasa kifi na Wara ko Zamare. Abin da ya bambanta shi ne an ba shi wuri a bakin ruwa, da rumfa da kujera da famfo, hukuma kuma tana duba tsabtarsa. Sannan tun a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da baƙi suka fara kwararowa, gwamnatin Sifaniya ta wajabta wa gidajen abinci su tanadi abincin rana guda mai ƙayyadadden farashi, a rubuta shi inda kowa zai gani. Tilascin ya daɗe da gushewa, amma al'adar ta zauna: har yau suna kiran sa menú del día, kuma ma'aikatan ofis na garin sun fi baƙi cin sa. Dokar da aka yi don kada a cuci baƙo ta ƙare da amfanar ɗan gari.

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya wuce na marmari. Tafkin ba zai iya ba da kifi fiye da yadda yake bayarwa ba. Ƙididdigar aikin bunƙasa kamun kifi na Kainji, wanda Najeriya da Jamus suka gudanar a shekarun 1990 tare da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Busa, ta nuna an kama kusan tan 38,000 a 1996, amma zuwa 1999 abin ya faɗo ƙasa da rabin haka. A lokacin ne aka yi ta fama da masu jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ke kwashe kifi har da 'ya'yansa, aka hana shi, aka fito da lasisin su. Tafkin kuwa bai ƙara faɗi ba tun daga lokacin. Idan ana son masuncin Ngaski ya ƙara samu ba tare da ya ƙarar da abin da jikokinsa za su kama ba, hanya ɗaya ce: kowane kifi ya ƙara daraja kafin ya bar gaɓa. Farantin da aka ci a Yelwa yana daga cikin hanyoyin ƙara wannan daraja.

Abubuwan da ke tare hanya

Tsaro ne a gaba, kuma babu amfanin a kewaye shi. A ranar 17 ga Yunin 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashi ɗalibai da malamai, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. A Nuwamban 2025 aka sace 'yan mata a makarantar Maga da ke Danko-Wasagu, kwanaki kaɗan bayan haka aka kwashi ɗaruruwan ɗalibai a Papiri ta Ƙaramar Hukumar Agwara a Jihar Neja, tsallaken ruwa kawai daga ƙasar Yawuri. Gandun dajin Kainji, wanda a da shi ne abin da ke jawo baƙi daga waje, ya zama wurin da jami'an tsaro ke farautar masu ɗauke da makamai. Ga kuma ruwan kansa. A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, kaɗan aka ceto da rai. Lodi fiye da kima, tsofaffin jirage, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun lokacin cika tafki, da rashin rigar kariya: dalilan sanannu ne, kuma ba su gushe ba. Wanda zai gayyaci mutane su zo su hau kwale-kwale don nishaɗi sai ya fara amsa wannan.

Sai wuta. Tashar Kainji an gina ta da ƙarfin megawat 760, amma kukan rashin lantarki ba baƙo ba ne a garuruwan da ke gaɓar tafkin da ke juya injinanta. In babu wuta babu ƙanƙara, in babu ƙanƙara dole kifin da aka kamo da asuba ya hau banda kafin la'asar. Daga nan ne matsalar da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kai take shigowa, wato masu yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada tsutsa ta cinye shi. Labari ɗaya irin wannan ya isa ya kore masu saye daga kasuwa guda, har da waɗanda ba su taɓa yi ba.

Ita ma gaɓar ba ta zama wuri ɗaya. Ruwan Kainji yana hawa da sauka da mitoci da dama a shekara: farin ruwa na damina ya zo, baƙin ruwa da ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ya biyo baya da rani, sannan tafkin ya ja da baya ya bar fili ga masu noman rani. Rumfar da take bakin ruwa a Fabrairu tana iya zama nesa da shi a Yuni. Duk wanda zai tsara wurin cin abinci a kwata sai ya tambayi Sarkin Ruwa da masunta kafin ya tambayi ɗan kwangila.

Idan aka haɗa waɗannan, a bayyane yake cewa Baturen da ke yawo a Basalona ba zai zo Yawuri bana ko baɗi ba, kuma ɓata lokaci ne a yi shiri dominsa. Baƙin Yawuri na gaskiya suna nan kullum, ba a dai lissafa su ne. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Ilori da Jeba da Kwantagora zuwa Koko da Jega da Sakkwato ta cikin Yelwa ta ratsa. Direbobin manyan motoci, fataken albasa da shinkafa da shanu, masu sayen zinari da ke zuwa wuraren haƙa na Yawuri da Ngaski, ma'aikatan jiha da na tarayya masu zuwa rangadi, masu yi wa ƙasa hidima, iyayen ɗalibai, masu ƙetarawa daga Zamare zuwa Rofiya: waɗannan ba sa jiran Fabrairu. Mutanen da suke cin abinci sau uku a rana ne, kuma da yawansu suna da halin biyan kuɗin faranti mai kyau in sun yarda da shi. Kwana uku na Rigata talla ce kawai. Cinikin yana cikin sauran kwanakin shekara.

Abin tsoro shi ne a karanta wannan a ce maganin shi ne gwamnati ta gina katafaren otal. Arewa cike take da otal-otal da wuraren shaƙatawa na gwamnati da aka buɗe da kiɗa aka bar wa jemagu. Abin da ake buƙata ya fi haka araha, kuma mafi yawansa aikin ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga ne. Fili mai inuwa kusa da kwata da wani a bakin babbar hanya, da rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da makewayi na maza da na mata da wani zai riƙa karɓar 'yan kuɗi yana wankewa, da wurin sallah. Duba-gari su dawo aikinsu na asali, su riƙa zagayawa, wadda ta cika sharaɗi a ba ta shaidar da za ta rataya a ƙofar rumfarta, a sabunta duk shekara, ba a mayar da abin hanyar tatsar 'yan kasuwa ba. Ƙungiyar masu abinci ta yarda kowa ya rubuta farashinsa a allo da Hausa da Turanci. Wannan allo shi ne fatoman zamani: yana gaya wa baƙo cewa wani ya tsaya masa. Masarauta kuwa, da yake Sarkin tsohon shugaban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne kuma maganarsa tana da nauyi wajen masunta da 'yan kasuwa, ita ce ta fi cancanta ta sasanta wa zai zauna a ina. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, wadda ta saba rabon rigunan kariya a wannan yanki, da hukumar hanyoyin ruwa ta NIWA mai ofis a Yelwa, su ne za su tabbatar ba jirgin da zai ɗauki baƙo ko ɗan gari ba tare da riga ba.

Sifaniya tana da gargaɗi ma ga mai son kwaikwayon ta. A Yulin 2024 mazauna Basalona suka fito zanga-zanga har suna fesa wa baƙi ruwa da bindigogin wasan yara, saboda kuɗin haya da na abinci sun fi ƙarfin ɗan gari, hukumar birnin kuma ta ce za ta daina sabunta lasisin gidajen da ake ba baƙi haya na 'yan kwanaki, kimanin 10,000, zuwa 2028. Yawuri ta yi nisa da wannan hali, amma ƙaramin samfurinsa yana iya faruwa cikin mako guda. Ranar da aka ce an gina rumfuna masu famfo da fitila a bakin ruwa, masu hannu da shuni da 'yan siyasa za su fara nema wa ƙannensu da yaransu, matan da suka shekara ashirin suna soya kifi a rana kuma a ce su matsa gaba. Saboda haka kafin a aza tubali ko ɗaya, ya kamata ƙaramar hukuma da masarauta su fara rubuta sunayen masu girkin da suke wurin yanzu, a kafe jerin a bainar jama'a, a kuma sanar cewa da shi za a yi rabon rumfuna kafin Rigata mai zuwa.